John Adams da Dokokin Shekarar 1798

An haifi John Adams ranar 30 ga watan Oktoba, 1735, a wani ƙaramin gari mai suna Braintree da ke yankin Massachusetts, a zamanin da yankunan Amurka goma sha uku suke ƙarƙashin mulkin Ingila. Mahaifinsa manomi ne, yana kuma ɗinkin takalma idan sanyi ya hana aikin gona, sannan yana cikin dattawan cocin garin. Gidan ba na masu dukiya ba ne, amma akwai rufin asiri. Burin uban shi ne ɗan farinsa ya yi karatu ya zama limamin coci, shi kuwa yaron gona ya fi so, don makarantar da aka fara sa shi ta gundure shi. Sai da aka cire shi daga hannun malamin farko aka damƙa shi ga wani mai suna Joseph Marsh, sannan sha'awar littafi ta shige shi, ba ta kuma sake shi ba har mutuwarsa. Wannan ɗan labari ya isa abin lura ga duk wanda zai tsaya gaban aji, domin yaron bai canja ba, darasin ma bai canja ba, malami kaɗai aka sauya.

Ya shiga kwalejin Harvard a 1751, ya gama a 1755. Aikinsa na farko koyarwa ce, a wata ƙaramar makaranta a garin Worcester. Bai ji daɗin aikin ba, bai kuma ɓoye hakan ba a littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum. Da rana yana fama da yara, da dare yana koyon aikin lauya a wurin James Putnam. A 1758 aka ba shi izinin tsayawa gaban kotu. A 1764 ya auri Abigail Smith, 'yar wani limamin coci, mace mai kaifin basira wadda ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta karanta littattafan mahaifinta. Wasiƙun da suka yi musaya sun haura dubu, kuma suna cikin manyan madogaran masu nazarin tarihin wannan zamani. Daga cikin 'ya'yansu huɗu ne suka girma.

Lauyan da ya kare sojojin Ingila

Sunan Adams ya fara fitowa a 1765, lokacin da majalisar Ingila ta ɗora wa Amurkawa harajin kan sarki a kan takardu da jaridu. Ya yi rubuce-rubuce a jaridun Boston yana sukar harajin, yana kuma jaddada cewa jama'ar da ba ta da ilimi da 'yancin buga abin da ke zuciyarta ba za ta daɗe da 'yancinta ba. Ya kamata a riƙe wannan, domin shekara 33 bayan nan hannun da ya rubuta waɗannan maƙalu shi ne zai sa hannu a kan dokar ɗaure 'yan jarida.

A daren 5 ga Maris, 1770, sojojin Ingila suka buɗe wuta a kan wani taron mutane da ke jifarsu a Boston, mutum biyar suka mutu, ciki har da Crispus Attucks, wanda ke da jinin Afirka. Gari ya ɗauki zafi, lauyoyi suka riƙa zamewa daga kare sojojin. Adams, wanda kowa ya san yana adawa da zaman sojojin a garin, ya karɓi shari'ar, bisa dalilin cewa duk wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a kare shi, ko da duk gari na ƙinsa. Aka sallami shugaban sojojin, Kyaftin Thomas Preston, da shida daga cikin sojoji takwas. Sauran biyun aka same su da laifin kisa ba da niyya ba, aka yi musu lalas a babban yatsa aka sake su. Wasu masu kawo masa shari'a sun janye, amma mutuncinsa bai zube ba. Da ya tsufa yakan lissafa wannan aiki cikin mafi kyawun hidimar da ya yi wa ƙasarsa.

Daga 1774 zuwa 1788 rayuwarsa ta zama ta majalisa da jakadanci. Ya wakilci Massachusetts a taron yankunan da aka yi a Filadelfiya. Shi ne ya gabatar da sunan George Washington ya zama babban kwamandan soja a 1775. Yana cikin mutum biyar da aka ɗora wa tsara takardar shelar 'yancin kai a 1776. Thomas Jefferson ne ya rubuta ta, Adams kuwa ya kare ta da baki a zauren taro har aka amince. A 1779 ya tsara tsarin mulkin Massachusetts, wanda ya fara aiki a 1780, har yau kuma ana aiki da shi. A ciki akwai sashen da ya ce 'yancin buga jarida ginshiƙi ne na 'yancin ƙasa, akwai kuma wanda ya wajabta wa hukuma kula da makarantu. Bayan haka ya yi jakadanci a Faransa da Holan, inda a 1782 ya samo wa ƙasarsa amincewar Holan da kuma bashin gilda miliyan 5. Da shi aka ƙulla yarjejeniyar Faris ta 1783 wadda ta kawo ƙarshen yaƙi, sannan ya zama jakadan Amurka na farko a Landan a 1785.

Shekara takwas, daga 1789 zuwa 1797, ya yi yana mataimakin shugaba Washington, muƙamin da shi kansa yake ganin ba shi da wani tasiri. Tun a farkon zaman Majalisar Dattawa ya jawo wa kansa ba'a, da ya dage sai an samo wa shugaban ƙasa wani kirari mai nauyi irin na sarakuna. Abokan hamayya suka laƙaba masa sunan tsokana a kan tumbinsa, suka kuma fara yaɗa cewa mutumin sarauta yake so. Wannan zargi ya bi shi har ƙarshen siyasarsa, kuma da yake mutum ne mai saurin fushi, wanda suka take yi wa zafi ƙwarai, bai taɓa mantawa da shi ba.

Shugabanci da rikicin Faransa

A zaɓen 1796 jam'iyyu biyu suka fafata. Ta farko ita ce Federalist, wato 'Yan Tarayya, masu son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi da kyakkyawar hulɗa da Ingila. Ta biyu ita ce ta Jefferson da James Madison, wato 'Yan Jamhuriya, masu son ikon jihohi da ƙaunar juyin juya halin Faransa (wannan ba ita ce jam'iyyar Republican ta yau ba, wadda aka kafa a 1854). Adams ya sami ƙuri'ar wakilan zaɓe 71, Jefferson ya sami 68. Bisa tsarin lokacin, na biyu shi ne mataimaki. Sai ga shugaba daga wata jam'iyya, mataimakinsa kuma madugun 'yan adawa. Adams ya ƙara wa kansa matsala da ya riƙe ministocin Washington, waɗanda yawancinsu daga wurin Alexander Hamilton suke karɓar shawara.

Faransa ta fusata da yarjejeniyar ciniki da Amurka ta ƙulla da Ingila a 1794, ta fara kama jiragen ruwan Amurkawa, har suka haura 300. Adams ya tura wakilai uku Faris a 1797, wato Charles Pinckney da John Marshall da Elbridge Gerry. Ministan harkokin wajen Faransa, Talleyrand, ya ƙi zama da su a hukumance, ya turo 'yan aike suka nemi toshiyar baki ta fam dubu 50 da kuma bashi mai yawa kafin a fara magana. Da aka buga rahoton wakilan a watan Afrilu na 1798, an sakaya sunayen 'yan aiken da haruffan X da Y da Z, shi ya sa ake kiran lamarin da waɗannan haruffa. Ƙasa ta ɗauki wuta. Aka kafa ma'aikatar sojan ruwa, aka ƙara yawan soja, aka sa sabon haraji a kan gidaje da filaye da bayi. Jiragen ƙasashen biyu suka shiga gwabzawa a teku ba tare da an yi shelar yaƙi ba. Jita-jita ta cika Filadelfiya, babban birni a lokacin, cewa 'yan leƙen asirin Faransa na shirin cinna wa garin wuta. Adams, wanda bai taɓa samun farin jini ba, ya wayi gari ana yi masa waƙa a tituna.

A cikin wannan yanayi ne, tsakanin 18 ga Yuni da 14 ga Yuli, 1798, majalisar da 'Yan Tarayya suka mamaye ta zartar da dokoki huɗu.

Ta farko ta shafi zama ɗan ƙasa. Tun a 1790 doka ta ce baƙo zai iya zama ɗan ƙasa bayan zaman shekara 2, amma da sharaɗin ya kasance farar fata kuma ɗa, wato ba bawa ba. A 1795 aka ƙara wa'adin zuwa shekara 5. Dokar 1798 ta ɗaga shi zuwa shekara 14, ta kuma wajabta wa baƙi yin rajista. Dalilin a fili yake. Baƙin da ke shigowa a lokacin, musamman 'yan Ailan da suka gudo daga mulkin Ingila, da Faransawa, da masu ra'ayin sauyi daga Ingila da Sikotlan, da zarar sun sami damar ƙuri'a jam'iyyar Jefferson suke zaɓa. Jagoran 'yan adawa a Majalisar Wakilai ma, Albert Gallatin, haifaffen Janiba ne, kuma a 1794 an taɓa fitar da shi daga Majalisar Dattawa bisa hujjar bai cika shekara 9 da zama ɗan ƙasa ba. Sharaɗin launin fata kuwa babu jam'iyyar da ta taɓa shi a wannan muhawara. Sai a 1870 aka buɗe ƙofar ga 'yan asalin Afirka, sai kuma a 1952 aka share batun launi daga dokar gaba ɗaya.

Ta biyu ta ba shugaban ƙasa ikon korar duk baƙon da shi a ganinsa yake da haɗari ga zaman lafiya, ko da ƙasarsa ba ta yaƙi da Amurka, ba tare da shari'a ba, ba kuma tare da an bayyana laifinsa ba. An yanka mata wa'adin shekara 2. Ta uku ta ba da ikon kamawa ko korar mazan da suka kai shekara 14 daga ƙasar da ake yaƙi da ita, kuma ba a sa mata wa'adi ba.

Ta huɗu ita ce Dokar Hana Ta da Zaune Tsaye, wadda ta fi sauran tayar da ƙura, domin ta shafi 'yan ƙasa da baƙi baki ɗaya. Ta tanadi tarar da ba ta wuce dala 2,000 ba da ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ga duk wanda ya rubuta, ko ya buga, ko ya furta maganar ƙarya da ɓatanci da ƙeta a kan gwamnati, ko ɗaya daga cikin majalisun biyu, ko shugaban ƙasa, da nufin zubar musu da mutunci. A Majalisar Wakilai da ƙyar ta wuce, 44 da 41. Abubuwa biyu a cikinta sun tona asirin masu ita. Ba ta ambaci mataimakin shugaba ba, saboda haka kowa na iya zagin Jefferson ya kwana lafiya a gidansa. Sannan an tsara ta mutu ranar 3 ga Maris, 1801, ranar ƙarshe ta wa'adin Adams, don kada ta faɗa hannun abokan hamayya idan suka ci zaɓe. Sun gina ramin, sun kuma kula sun gina shi gajere.

Masu kare dokar suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. A dokar Ingila da Amurka ta gada, gaskiyar magana ba ta kuɓutar da mai sukar hukuma. Sabuwar dokar kuwa ta yarda wanda ake tuhuma ya kare kansa da cewa abin da ya faɗa gaskiya ne, ta kuma bar wa 'yan juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a, su yanke hukunci. A kan takarda wannan sassauci ne. Amma a nan akwai matsala ta harshe wadda Madison da Gallatin suka gano da wuri. Jimla iri biyu ce. Akwai wadda ke ba da labari, kamar a ce wane ya karɓi kuɗi ranar kaza, wannan ana iya kawo shaida a tabbatar ko a ƙaryata. Akwai kuma wadda ke bayyana ra'ayi, kamar a ce wane yana da girman kai ko bai iya mulki ba, wannan babu shaidar da za ta tabbatar da ita a gaban kotu. Yawancin sukar siyasa daga iri na biyu take. Da yake alƙalan tarayya 'Yan Tarayya ne, jami'in da ke tara 'yan juri shi ma naɗaɗɗen gwamnati ne, sai kariyar gaskiya ta zama ado kawai. Ga kuma gyaran farko na tsarin mulki, wanda aka amince da shi a 1791, shekara bakwai kacal kafin nan, ya haramta wa majalisa yin dokar da za ta tauye 'yancin magana ko na jarida.

Mene ne rabon Adams a cikin wannan? Ba shi ya nemi a yi dokokin ba, ba shi ya tsara su ba. Amma yana da ikon hawa kujerar na ƙi, bai hau ba, ya sa hannu a kan duka huɗun. Jawaban da ya riƙa mayar wa ƙungiyoyin da ke aiko masa da goyon baya a wannan bazara sun taimaka wajen sa mutane su ɗauki ɗan adawa tamkar ɗan koren Faransa. Abigail, wadda zagin da jaridu ke yi wa mijinta ya ƙona wa rai, ta goyi bayan dokar sosai. Sakataren harkokin waje, Timothy Pickering, shi ya riƙa bin jaridu yana tura wa lauyoyin gwamnati abin da za a kai ƙara a kansa, kuma akwai ƙararrakin da Adams da kansa ya nuna amincewa da su.

Waɗanda dokar ta kama

Tun kafin dokar ta fito aka kama Benjamin Franklin Bache, jikan Benjamin Franklin, editan jaridar Aurora ta Filadelfiya. Bai kai ga shari'a ba, zazzaɓin shawara ya kashe shi a watan Satumba na 1798 yana da shekara 29. Wanda aka fara yanke wa hukunci a ƙarƙashin dokar shi ne Matthew Lyon, ɗan Majalisar Wakilai daga Vermont. Haifaffen Ailan ne, ya zo Amurka yana saurayi, ya biya kuɗin jirgi da ƙwadagon shekaru a hannun wanda ya fanshe shi, ya yi yaƙin neman 'yanci, daga baya ya kafa masana'antu da jarida. 'Yan Tarayya sun tsane shi, musamman bayan da ya tofa wa Roger Griswold yawu a zauren majalisa a farkon 1798, Griswold ya rama da sanda, shi kuma ya kare kansa da awartakin murhu. Laifinsa a gaban kotu shi ne ya rubuta cewa Adams mai kwaɗayin iko ne da son fankama da fadanci. A watan Oktoba na 1798 aka ɗaure shi wata 4, aka ci shi tarar dala 1,000, aka jefa shi kurkukun Vergennes cikin tsananin sanyi. Yana cikin kurkukun mutanen mazaɓarsa suka sake zaɓensa da gagarumin rinjaye, magoya baya suka haɗa kuɗin tarar, ya fito ya kama hanyar majalisa ana yi masa rakiya.

Thomas Cooper, haifaffen Ingila, ya sami wata 6 da tarar dala 400 a 1800. James Callender, haifaffen Sikotlan, ya sami wata 9 da tarar dala 200 a hannun alƙali Samuel Chase, wanda yadda ya gudanar da shari'ar ya shiga cikin tuhumar da aka yi masa a 1804 lokacin da aka nemi tsige shi. Hukunci mafi tsanani ya faɗa kan talaka, David Brown, wanda ya zuga mutanen Dedham suka kafa dogon gungume ɗauke da rubutun sukar haraji da dokokin. Aka ɗaure shi wata 18, da wa'adin ya cika kuma ya ci gaba da zama don ba shi da kuɗin tara. Ya roƙi Adams afuwa, bai samu ba. Akwai kuma Luther Baldwin na garin Newark, wanda a cikin maye, da ya ji ana harba igwa don girmama shugaban da ke wucewa, ya ce bai damu ba ko harsashin ya sami shugaban a mazaunai. Wannan ma sai da aka kai shi kotu aka ci shi tara, jaridun adawa kuwa suka sami abin dariya na watanni.

Tsofaffin littattafan tarihi sukan ce kimanin mutum 25 aka kama, 10 aka hukunta. Binciken da Wendell Bird ya wallafa a 2020, bayan ya bi takardun kotuna, ya nuna waɗanda aka tuhuma sun haura 100. Dokar korar baƙi kuwa ba a kori kowa da ita a hukumance ba, sai dai tsoronta ya wadatar. Jirage sun tashi cike da Faransawa a 1798, ciki har da masanin nan Volney. Da Pickering ya nemi a kori Joseph Priestley, masanin kimiyyar da ya yi hijira daga Ingila, Adams ya ƙi.

Jefferson da Madison sun mayar da martani a ɓoye. Jefferson ya rubuta ƙudurin da majalisar jihar Kentucky ta zartar a Nuwamba 1798, Madison ya rubuta na Virginia a Disamba. Dukansu sun ce dokokin sun saɓa wa tsarin mulki, kuma jihohi na da haƙƙin tsayawa su ƙalubalance su. Jefferson ya ɓoye sunansa, don mataimakin shugaban ƙasa shi ma dokar na iya hawa kansa. Yawancin jihohi ba su mara musu baya ba a lokacin. Maganin nasu ma ya zo da tasa cutar, domin ra'ayin cewa jiha na iya soke dokar tarayya shi ne 'yan Kudu masu bayi suka ɗauka daga baya, tun daga John Calhoun a wajen 1830 har zuwa yaƙin basasa na 1861.

A daidai lokacin da jam'iyyarsa ke cin moriyar zazzaɓin yaƙi, Adams ya yi abin da ba wanda ya zata. A watan Fabrairu na 1799, ba tare da shawartar ministocinsa ba, ya miƙa wa Majalisar Dattawa sunan William Vans Murray a matsayin wakilin sulhu da Faransa, don ya sami tabbacin cewa Talleyrand ya sauko. Ya san yaƙi ne zai ba shi zaɓe na biyu, ya kuma san sulhu zai raba jam'iyyarsa, ya zaɓi sulhu. A watan Mayu na 1800 ya sallami Pickering, ya kuma yafe wa John Fries, wanda aka yanke wa hukuncin rataya saboda jagorantar manoma masu jin Jamusanci a Pennsylvania wajen bijire wa harajin gidaje. Hamilton ya fitar da doguwar takarda yana cewa Adams bai cancanci mulki ba, da kalmomin da suka fi na Lyon zafi, ba wanda ya kai shi kotu. An sa hannu a kan sulhun ranar 30 ga Satumba, 1800, amma labarin bai iso Amurka da wurin da zai taimaki Adams ba.

A zaɓen 1800 Jefferson da Aaron Burr suka sami ƙuri'a 73 kowanne, Adams ya sami 65. Haraji da rabuwar jam'iyya da dokokin 1798 duk sun taka rawa, haka ma tsarin da ke ƙidaya kashi uku cikin biyar na bayi wajen raba kujeru, wanda ya ƙara wa jihohin Kudu nauyi. Adams bai taɓa mallakar bawa ba, Jefferson kuwa ya mallaki ɗaruruwa. Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin ta raba gardama tsakanin Jefferson da Burr a watan Fabrairu na 1801, kuma Matthew Lyon ne ya jefa ƙuri'ar Vermont ga Jefferson. Kafin ya sauka, Adams ya naɗa John Marshall Alƙalin Alƙalai, muƙamin da ya riƙe har 1835. Shi ne shugaban farko da ya kwana a fadar da ake kira White House, a Nuwamba 1800, watan da ɗansa Charles ya rasu. Da asubar 4 ga Maris, 1801, ya hau keken doki ya bar birnin Washington bai tsaya bikin rantsar da magajinsa ba. Duk da haka ya miƙa mulki ga abokin hamayya ba tare da an zubar da jini ba, abin da ba a saba gani ba a duniyar wancan zamani.

Dokar korar baƙi ta mutu a 1800, ta hana suka ta bi ta a 1801. Jefferson ya yafe wa waɗanda suka rage a ƙarƙashin hukuncinta, ko da yake shi ma daga baya ya ƙarfafa wa wasu jihohi gwiwa su gurfanar da editocin da ke sukarsa. A 1802 aka mayar da wa'adin zama ɗan ƙasa shekara 5. A 1840 majalisa ta mayar wa magadan Lyon kuɗin tararsa. Kotun Ƙoli ba ta taɓa yanke hukunci a kan dokar hana suka ba tana raye, amma a 1964, a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan, ta bayyana cewa tarihi ya riga ya tabbatar da rashin halascinta. Dokar baƙin ƙasashen abokan gaba ita kaɗai ta rayu. An yi aiki da ita a yaƙin 1812 da yaƙe-yaƙen duniya biyu, a 1918 aka faɗaɗa ta ta haɗa da mata, a watan Maris na 2025 kuma shugaba Donald Trump ya dogara da ita wajen korar wasu 'yan Benezuwela, lamarin da ya kai ga kotuna.

Adams ya koma gonarsa a Quincy, garin da aka yanko daga Braintree, ya yi shekara 25 yana karatu da rubutu da kare sunansa. Fiye da shekara goma ba sa magana da Jefferson, sai a 1812 abokinsu likita Benjamin Rush ya sasanta su, suka shiga musayar wasiƙu a kan addini da falsafa da tsufa da tarihin abin da suka yi tare. Da batun dokokin ya taso a 1813, Adams bai nuna nadama ba. Ya ɗauke su matakan lokacin yaƙi, ya ce bai taɓa aiwatar da dokar korar baƙi a kan kowa ba, ya kuma tuna wa Jefferson cewa shi ma sunansa na kan takardar a matsayin shugaban Majalisar Dattawa. Abin da ya fi alfahari da shi shi ne sulhun Faransa, har ya so a ambace shi a kan kabarinsa.

Abigail ta rasu a 1818. Ya rayu har ya ga ɗansa John Quincy Adams ya zama shugaban ƙasa na shida a 1825. Ya rasu ranar 4 ga Yuli, 1826, yana da shekara 90, ranar da shelar 'yancin kai ta cika shekara 50. Jefferson ya riga shi da 'yan sa'o'i a wannan rana, amma labarin bai iso Quincy ba kafin ya cika. Kabarinsa yana ƙarƙashin wani coci a tsakiyar garin Quincy, kusa da na Abigail da na John Quincy da matarsa Louisa.